Babi na Bakwai: Tafkin Kainji da Baitulmalin Mai

Duk wanda ya ƙudura niyyar bincika yadda ƙasar da cinta da shanta suka rataya a wuyan man fetur za ta tsara wa kanta hanyar samun makamashi daga ruwa da rana da iska, waɗanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya hukunta ba su ƙarewa, to, lalle ya kamace shi, kafin ya buɗe kundayen da ma'aikatun Abuja suka wallafa, ya fara zuwa ƙasar Yauri ya dubi tafkin Kainji, domin kuwa a nan ne Nijeriya ta yi babban gwajinta a wannan fanni, tun mai bai mamaye baitulmalinta ba. Gaskiya ne tun 1929 wani kamfani yana samar da lantarki daga magangarar ruwan Kurra saboda masu haƙar kuza a Jos, amma wannan sha'ani ne na 'yan kasuwa da ma'adinansu. Kainji ce aikin farko da ƙasa ta ɗauka da sunan al'umma baki ɗaya, ta ci bashi dominsa, ta kuma tayar da dubban mutane daga gidajen kakanninsu saboda shi.

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, amma a lokacin da aka karɓi mulkin kai gyada da auduga da koko da manja da kuza su ne ke riƙe da gwamnati, saboda haka shugabannin wancan zamani, da yake sun san kowane sule daga gumin manomi ya fito, sun kasance masu dogon lissafi kafin su kashe shi. Da suka zauna tsara shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, sai suka sanya madatsar ruwa a kan kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, ta zama ginshiƙin shirin, aka kuma kafa hukumar madatsun kogin a 1962. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 a 1964, a cikin wannan shekara Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin ginin, wani gungun kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ya kama aiki, kuma duk da juyin mulkin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, aikin bai tsaya ba, har aka toshe kogin a 1968, Janar Yakubu Gowon ya zo ya buɗe tashar a watan Fabrairu na 1969. An gina gurabe goma sha biyu domin injuna goma sha biyu da za su ba da megawat 960, aka girka takwas masu ƙarfin megawat 760, sauran gurabe huɗun kuwa aka bar su wayam fiye da shekara arba'in, a tsawon zamanin da kuɗin mai ke kwararowa babu ƙaƙƙautawa.

Adalci ne a ce ba sakaci kaɗai ya bar guraben nan ba, ruwan ma yana da nasa hukunci. Kogin yakan kawo wa Kainji cikowa biyu a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wanda damunar ƙasashen kusa ke turowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, yana ɗauke da laka har launinsa ya sauya. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya sauka tun da damuna a kan duwatsun Gini, ya bazu cikin fadamun Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa a hanya, sa'an nan ya iso ƙasar Yauri garau a tsakiyar hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan rahama ta biyu ita ce sirrin tashar, domin ita ke riƙe injuna su kai ga bazara. Da fari ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, ya kuma dawo da tsanani a 1983 da 1984, sai tafkin ya ja baya, wutar ta ragu, masu mulki suka sami hujjar juya fuska wajen gas.

To, amma kafin a tafi can, wajibi ne a tsaya a kan waɗanda suka biya farashin da ba a rubuta cikin takardar rancen ba. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya kai tsawon kilomita 135 ko kusa da haka, ya shafe ƙasa fiye da murabba'in kilomita 1,200, daga Borgu ya hauro ta Ngaski da Yauri har ya taɓa ƙasar Shanga, kuma kimanin mutum 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da ɗari biyu. Tsohon garin Busa, inda Bature mai yawon gano kogi Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse ɗungurungum, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa. A ɓangaren Yauri kuwa mafi yawan nauyin ya faɗa ne a kan Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda suka yi ƙarnuka suna noman albasa da gero da shinkafa a kan ƙasar da kogi ke sabunta wa taki kowace shekara, suna ban ruwa da ƙwarya da hannuwansu, suna su a mashigan da suka sani kamar yadda suka san ɗakunansu. Tare da su akwai Kambari da Lopawa da Shangawa da Sarkawa masunta. Aka kwashe su zuwa tudu, aka ba su gidajen bulo da rufin asbesto waɗanda wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara, gidaje masu kyaun gani a hoto, waɗanda da yawa daga masu su suka kewaye da bukkokin laka da ciyawa saboda zafi da ƙarancin wuri. Maƙabartunsu da kukokinsu da gonakinsu suna ƙarƙashin ruwa har gobe, kuma kututturan itatuwan da ba a sare ba suna nan a ɓoye suna fasa jirage. Mutanen Wara, hedikwatar Ngaski, ba za su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, da jirgin da ya ɗauko fiye da mutum ɗari da hamsin ya dare a tsakiyar ruwa, ƙalilan ne suka tsira.

Abin da aka yi tsammani shi ne wanda ya ba da gonarsa domin a kunna fitilar Legas da Kaduna, shi za a fara kunna wa tasa. Sai ga shi manyan turaku sun ɗauki wutar sun ratsa daji zuwa Jebba da Birnin Kebbi, daga nan kuma tun 1976 wani layi ya ƙetare iyaka zuwa Yamai, alhali ƙauyukan bakin tafki da yawa sun yi shekaru aru-aru suna kwana da fitilar ƙwai, wasu ma har yanzu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malamanmu na fiƙihu ba su hana a ɗora wa mutum ɗaya cuta ƙarama domin tunkuɗe wa jama'a babba ba, wannan ƙa'ida ce sananniya a babin maslaha, amma sun gindaya mata sharaɗin ramuwa daidai da abin da aka rasa. Kuma hadisi ya tabbatar da tarayyar mutane a cikin ruwa da makiyaya da wuta, to, ina ga wutar da aka haifa daga ruwan da ya cinye makiyayar? Tsarin mulkin 1999 ya ware wa jihohin da ake haƙo ma'adinai kashi 13 cikin ɗari na abin da aka samu daga ƙasarsu, aka kuma kafa wa yankin Neja Delta hukumar raya shi a 2000, kuma babu mai hankalin da zai yi musu hassada a kan haka, ganin irin ɓarnar da mai ya yi wa ruwansu da gonakinsu. Amma dokar kafa irin wannan hukuma domin yankunan madatsun lantarki, wadda ake kira HYPPADEC, sai a 2010 aka sa mata hannu, ba ta kuma fara aiki sosai ba sai 2021, da hedikwata a Minna, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Yauri, Alhaji Abubakar Sadiq Yelwa. Daga toshe kogi zuwa ranar da hukumar ta buɗe ƙofa shekara hamsin da uku ke nan, yaron da aka goya a baya ranar ƙaura ya riga ya yi furfura. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna wa mai karatu matsayin ruwa da matsayin mai a idon baitulmali.

Yadda aka yi mai ya ture kome sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, farashin ɗanyen mai ya ninka wajen sau huɗu daga ƙarshen 1973, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, aka daina ganin dalar gyada a Kano. A 1972 an haɗe hukumar madatsun da tsohuwar hukumar lantarki aka sami NEPA. An dai kammala Jebba a 1985 da Shiroro a 1990, amma daga nan sai da aka shekara talatin da uku kafin wata babbar madatsa, Zungeru mai megawat 700, ta kammalu a 2023, ita kuwa Mambila, da ake ambato tun muna yara, har yanzu ba ta wuce takarda da zauren shari'a ba. Yau kusan kashi huɗu cikin biyar na wutar babban layin ƙasa daga gas take fitowa, kuma daga cikin megawat wajen 13,000 da aka ce an girka, abin da ke isa ga jama'a galibi bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan ɗari biyu.

Sai dai a ganina ba a manyan tashoshi mai ya yi mafi zurfin tasirinsa ba, a ƙananan injuna ne, kuma wanda ke son ganin haka da idonsa ya sauka bakin tafki da rani. Ruwan yakan ja baya da misalin mita goma a tsaye tsakanin cikarsa da raguwarsa, ya bar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai danshi, manoma su bi shi da albasa da shinkafa da barkono. Tun da sanyin safiya za ka ga magidanci ya ɗauro ɗan injin ban ruwa a bayan babur, da tiyo a naɗe a kafaɗa, da jarka mai cin lita huɗu ko goma a rataye. Ya kafa injin a bakin rami, ya cika masa baki da ruwa, ya ja igiya sau biyu ko uku har ya kama, sa'an nan ya shiga bin fangali yana buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan da laka, kunnensa kuwa yana kan ƙarar injin, don ya san lokacin da man zai ƙare. Can a kan ruwa masunci yana jan igiyar injin jirginsa, a cikin gari mai niƙa da mai walda da mai cajin waya kowa da janaretansa. Irin waɗannan injuna sun yaɗu tun shekarun 1980 ta hanyar ayyukan raya noma na jihohi, shirin Fadama ya ƙara yaɗa su daga farkon shekarun 1990, shirin ba manoma rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 ya kai noman rani inda bai taɓa kaiwa ba. Kowane ɗaya daga cikinsu fetur yake sha, fetur ɗin kuwa, har zuwa 2023, gwamnati ce ke biyan wani kaso na kuɗinsa. A 2022 kaɗai tallafin mai ya ci fiye da naira tiriliyan 4. A wancan lokaci mutumin Shanga ko Wara ba kasafai yake samun man a farashin gwamnati ba, domin daga hannun 'yan bumburutu yake saye, wani kaso kuma yana sulalewa ta iyakokin Benin da Nijar, amma duk da haka arahar ta isa ta sa duk wanda ya zo masa da zancen farantin hasken rana ya zama abin dariya.

A wannan hali ne aka yi ta rubuta manufofi, kuma ba za a ce masu rubutun jahilai ba ne ko marasa kishi. An yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Ƙasa tun 1979. An buɗe cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a farkon shekarun 1980, malamanta suka ƙera murhun rana da na'urar busar da amfanin gona da murhu mai tsimin itace, suka gwada su a ƙauyuka. An fitar da manufar makamashi ta ƙasa a 2003, da babban tsarin makamashi mai sabuntuwa a 2005, da wata manufar ta musamman a 2015, aka biyo da burin samun megawat 30,000 kafin 2030, kashi 30 cikin ɗari daga ruwa da rana da iska. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa kafin 2060, aka kuma ƙaddamar da shirin cika alkawarin a Agusta 2022, wanda ya ƙiyasta ana bukatar ƙarin dala biliyan 10 kowace shekara. Idan da yawan kundi ne ke kunna fitila, da Yauri ta fi Landan haske.

Misali guda ya wadatar wajen nuna inda gizo ke saƙa. A Yuli 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a sari ya sa hannu da kamfanoni goma sha huɗu su gina tashoshin hasken rana masu ƙarfin fiye da megawat 1,000, mafi yawansu a Arewa, a kan farashin santi 11.5 na dala kowane ma'aunin wuta. Masu ba da rance suka ce ba za su saki kuɗi ba sai gwamnati ta lamunce cewa za ta biya idan mai saye ya gaza, domin kowa ya san kamfanonin rarraba wuta ba su tara cikakken kuɗin abin da suka raba. Gwamnati kuma, da yake farashin mai ya faɗi, dala ta yi wuya, ta ji tsoron ɗaukar lamunin, ta nemi a rage farashin. Aka yi ta ja-in-ja har shekaru suka shuɗe, ba a gina ko ɗaya ba. Haka tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, wadda aka faro tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta haɗu da jinkiri iri-iri, har da sace injiniyanta Bafaranshe a Disamba 2012. Da aka buɗe tashar rana ta Kumbotso a Kano a Janairu 2023, ita ma megawat 10 ce, kuma ita ce mafi girma da aka haɗa da babban layi a lokacin, a ƙasar da rana ke dukan Arewacinta kusan kullum.

Illar a nan ta asali ce. Hukumar da abincinta ke fitowa daga harajin manomi da maƙeri da ɗan kasuwa, dole ta damu da ko suna da wutar yin sana'a, don in sun tsaya ita ma ta tsaya. Amma wadda ake auno mata rabonta kowane wata daga kuɗin gangar mai, tana iya rayuwa ko da garin duka yana cikin duhu, saboda haka gyaran lantarki a wurinta nafila ne, in an yi a yaba, in an bari babu mai tuhuma. Shi ya sa ake jin kiran a rage dogaro da mai duk lokacin da farashinsa ya karye, kamar a 1986 da 2016 da 2020, da zarar ya farfaɗo kuma sai a yi tsit. Ba kuwa mallakar mai ce ke wajabta haka ba. Ƙasar Nowe ta sami babbar rijiyar manta a teku a 1969, shekarar da aka buɗe Kainji, amma ta ci gaba da ɗaukar kusan dukkan lantarkinta daga ruwa, ta ci gaba da karɓar haraji daga jama'arta, ta sayar da man a cikin gida da tsada, ta kuma kafa asusu a 1990 tana tara ribar saboda jikoki. Su mutum miliyan biyar ne da ɗoriya, mu kuwa mun ninka su sau arba'in, don haka ƙiyasin ba zai tafi daidai ta kowace fuska ba. Abin ɗauka kawai shi ne sun hana kuɗin mai shiga tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

Abin da kundaye suka kasa cikin shekara ashirin, jimla guda ta aikata shi ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wahalar da wannan ya jawo wa talaka ba abin wasa ba ce, kuma manoma da yawa sun rage fangali ko sun haƙura da noman rani ɗungurungum. Amma waɗanda ke da ɗan hali sai suka shiga lissafin da ba su taɓa yi ba, suka ga kuɗin man kaka biyu ko uku zai sayi faranti da famfon da rana ke juyawa, wanda ba ya shan kome, ba ya neman baƙin mai, kuma ya fi ƙarfi a daidai lokacin da shuka ta fi jin ƙishi. Yanzu ba baƙon abu ba ne ka ga faranti biyu ko huɗu an jingine su da itace a gefen gonar albasa, yaro yana goge musu ƙurar hunturu da tsumma, yana juya su suna bin rana; wasu kuma sun mayar da injunansu suna shan gas ɗin girki. Babu jami'in da ya zo ya yi musu wa'azin sauyin yanayi.

A nan ne kuma aikin hukuma na haƙiƙa ya kamata ya fara, domin kasuwa kaɗai mai ƙarfi take ɗauka. Sakin naira da aka yi a Yuni 2023 ya ninka kuɗin farantin da kusan dukkansa daga Sin ake shigo da shi, don haka wanda ya fi bukatarsa shi ya fi kasa sayensa, kuma ba kyauta yake nema ba, bashi yake nema wanda zai biya bayan ya kai albasa kasuwa. Kasuwanni sun cika da batir na jabu da farantin da ƙarfinsa bai kai abin da aka rubuta a bayansa ba, mai gyaran da ya san aikin kuwa sai an nemo shi daga birni. Ga kuma sha'anin kifi, wanda kasuwar Yauri ta yi suna da shi: giwan ruwa ko ƙarfasa ko kurungun da aka kamo da asuba, in bai sami mai saye ba kafin rana ta take, sai dai a kai shi banda, bandar kuwa itace take ci, itacen kuma daga dajin da ya riga ya sirance ake saro shi. Ɗakin sanyi guda mai aiki da rana a kowace babbar mashaya, da injin ƙanƙara, zai ƙara wa masunci daraja ya kuma rage wa daji sara. Itace shi ne makamashin da mafi yawan gidajen wannan yanki ke girki da shi, amma da yake ba minista ke hura wuta ba, kasonsa a cikin manufofin bai taka kara ya karya ba.

Akwai ƙofofi biyu da suka buɗe waɗanda bai kamata a raina ba. Ta farko ita ce ƙa'idar ƙananan tashoshin gari da hukumar kula da lantarki ta fitar a 2016, wadda ta halatta wa ɗan kasuwa ya kafa tashar rana da batir a ƙauyen da layi bai kai ba, ya ja waya gida-gida, ya yi jinga da mutanen garin a kan farashi; Bankin Duniya ya tallafa wa wannan da dala miliyan 350 a 2018, ya ƙara miliyan 750 a Disamba 2023, ko da yake abin lura ne cewa ƙasar da ta ƙone tiriliyoyi a tallafin fetur, da rance take kai wa ƙauyukanta hasken rana. Ta biyu ita ce gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki ta Yuni 2023, waɗanda suka ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da tsara kasuwarta a cikin iyakokinsu. Jihar Kebbi, wadda aka sanya ta ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna tare da Sakkwato da Zamfara, ba ta da sauran uzurin cewa hannunta a ɗaure yake. Sai dai mai jari ba ya kai dukiyarsa inda ba ya iya kwana, kuma tun sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021 duniya ta san halin da ƙauyukan wannan yanki ke ciki.

Saura mas'alar ruwan kansa, wanda ba namu mu kaɗai ba ne. An daɗe ana faɗin cewa hikimar sayar wa Nijar wuta ita ce kada ta ga bukatar datse kogin a sama da mu. Nijar dai ta kama ginin madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, kuma da Nijeriya ta yanke mata wuta a Agusta 2023 bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai a farkon 2024, mutanen Yamai sun koyi darasin da ba za su manta ba, tashar rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka kammala a 2023 ta zame musu abin dogaro da rana tsaka. Duk abin da aka tare ko aka karkatar a Gini da Mali da Nijar daga baƙin ruwa ake rage shi, saboda haka zaman lafiya da maƙwabta a Hukumar Kogin Neja da ke Yamai yana cikin rukunan manufar makamashi, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba.

Hanyar da ta fi dacewa da tafki irin wannan kuwa Gana ta riga ta gwada ta a madatsar Bui, inda aka girka farantan rana a tudu da kuma wasu masu yawo a kan ruwa, aka haɗa su da layin tashar, ta yadda da rana farantai ke ba da wuta ana tsimin ruwa, da dare a saki ruwan ya juya injuna. Kainji, wadda kamfanin Mainstream ke gudanarwa tun 2013, tana da turakun da za su ɗauki wutar, tana da sarari, tana da rana mafi zafi a daidai watannin da tafkin ya fi raguwa. In har za a yi haka, to, wani yanki na ruwan da masunta ke jefa taru ko na gaɓar da manoma ke bi da rani za a sake karɓewa, daga hannun 'ya'ya da jikokin waɗanda aka tayar a 1968. Ya kamata a zauna da Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar jami'ar da cibiyar binciken makamashin nan take, da hakimansa da sarakunan ruwa na Ngaski da Yauri da Shanga, a auna wurin tare da su, a kuma rubuta a cikin yarjejeniyar, da sunan kowane gari da ranar da za a gama, cewa layin da zai kai wuta garuruwan bakin tafki shi za a fara ja kafin a haɗa farantin farko da babban layin ƙasa.